GA ƘOSHI GA KWANAN YUNWA: MATASAN HAƊEJIYA DA ALBARKAR FADAMA

  

Duk wanda ya san ƙasar Haɗejiya da rani ya san yadda manyan motoci ke jeruwa a bakin lambuna da kasuwannin Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri, ana ɗora musu kwandunan tumatir da buhunan tattasai da attarugu da albasa, ana jibga kankana kamar an tara duwatsu. Yawancin wannan kaya Kudu ya nufa, wani har kasuwar Mile 12 da ke Ikko. Su wane ne suka yi kaftu, suka yi ban ruwa cikin sanyin asuba, suka tsinka, suka yi dako? Matasan yankin ne. To amma in rana ta faɗi aka je teburin mai shayi, me za a tarar a gaban waɗannan matasa? Burodi, shayi mai sukari kamar an zuba da ludayi, indomi, in aljihu ya yi nauyi a ɗora da kwalbar lemo. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan. Wannan al'amari ya wuce a yi masa dariya a majalisa, domin kuwa lafiyar masu ɗauke da nauyin al'umma gobe ce ake magana a kai.

ABIN DA JIKI KE BUƘATA

Hukumar Lafiya ta Duniya, tun cikin rahoton da ta fitar tare da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2003, ta ce babban mutum yana buƙatar aƙalla giram 400 na 'ya'yan itatuwa da ganyaye da kayan lambu a kullum. An kasa wannan kashi 5, kowane kashi giram 80, wato kimanin abin da zai cika tafin hannun mutum: lemo ɗaya, ko gwaba ɗaya, ko yankan kankana mai kauri, ko cokali 3 manya na dafaffen ganye. Dankali da rogo da doya ba sa cikin wannan lissafi, su abincin cika ciki ne kamar shinkafa da gero. Hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2017 kaɗai, mutane kimanin miliyan 3.9 suka mutu a duniya ta dalilin cututtukan da ke da nasaba da ƙarancin cin waɗannan abubuwa, irin su ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da wasu nau'o'in ciwon daji.

To mene ne sirrin da ke cikin ganye da ɗan itace? Wanda ya taɓa yanka yalo ya ajiye ya ga yadda farinsa ke komawa ruwan ƙasa cikin ɗan lokaci. Wanda ya bar fartanya a waje damina ta wuce a kanta ya ga tsatsa. Iskar da ake shaƙa ce ke wannan aiki, kuma irinsa na faruwa a cikin jikin ɗan Adam. Duk sanda jiki ya ƙona abinci ya fitar da ƙarfi, akan samu wani ɓurɓushi mai ɓarna da ke taɓa ƙwayoyin halittar jiki da bangon jijiyoyin jini. Hayaƙin taba, hayaƙin itace da na injin ban ruwa da na babur suna ƙara yawan wannan ɓurɓushi. Jiki yana da nasa makaman da yake kare kansa da su, sannan yana samun taimako daga wasu sinadarai da ke cikin tsirrai, waɗanda likitoci ke kira antioksidan, wato masu hana tsatsar jiki. Manyansu su ne bitamin C, bitamin E, da sinadaran da ke ba kayan lambu launin ja da rawaya da kore.

Bitamin C jiki ba ya iya ƙera shi, kuma ba ya ajiye shi da yawa, don haka dole a riƙa samunsa a kai a kai. Shi ke taimaka wa rauni ya warke, ya riƙe dasashi, ya taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda da shi ake gina jini. A ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka namiji baligi na buƙatar miligiram 90 a rana, mai shan taba kuma sai ya ƙara 35 a kai. Giram 100 na lemon zaƙi na ɗauke da kimanin miligiram 50, jan tattasai ɗanye ya haura 100, gwaba kuma ta haura 200. Garin ɗan kuka, wanda yara ke tsotsa manya na raina su, ya ninka lemo sau da yawa. Tun 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila mai suna James Lind ya gwada magunguna iri-iri a kan ma'aikatan jirgi 12 da dasashinsu ya ruɓe jikinsu ya mutu saboda daɗewa a teku ba ɗanyen abinci. Mutum 2 da ya bai wa lemon zaƙi da na tsami su ne suka miƙe cikin 'yan kwanaki.

Sinadarin rawaya da ke cikin karas, kabewa, mangwaro, gwanda, manja da ganye mai duhun kore irin zogale da alayyahu, jiki na mayar da shi bitamin A. Rashin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, mutum ya riƙa laluben hanya da zarar magariba ta yi. Jan da ke cikin tumatir da kankana shi ma wani sinadarin kariya ne daban, haka jan da ke cikin zoɓo. Bitamin E kuwa ana samunsa a gyaɗa da man gyaɗa da ganyaye. Bayan duk wannan akwai harza da ke gyara hanji ta hana taurin bayan gida, da sinadarin fotasiyam da ke taimakawa wajen sassauta hawan jini.

WAI GANYE NA AWAKI NE

Babbar matsala ta farko tana cikin ƙwaƙwalwa. An gina wa saurayi tunanin cewa kwaɗon zogale da na rama da tafasa abincin mata ne da tsofaffi, namiji kuwa sai tsire da balangu. In an ga saurayi da ganye a kwano sai abokai su ce ya koma akuya. Wannan jahilci ne tsantsa, kuma ba daga iyaye da kakanni aka gaje shi ba. Mazajen da suka tsaya tare da Sarki Muhammadu Mai Shahada a Haɗejiya a 1906, suka fuskanci bindigogin Turawa, da me aka raine su? Da tuwon dawa da miyar kuka da ta kuɓewa da ta yakuwa, da kunun tsamiya, da kifin kogi, da goruba da magarya da kanya da ɗinya da aduwa. Ba su san lemon kwalba ba, kuma ba wanda ya isa ya ce da su ragwaye.

Alƙur'ani mai girma ya ambaci dabino, inabi, rumman, ɓaure da zaitun a cikin ni'imomin da aka yi wa bayi. Jiki kuma amana ne da za a tambayi mai shi yadda ya yi da shi. Saboda haka ɗan'uwan da yake kiyaye halaccin abin da zai sa a bakinsa, ya kamata ya kiyaye amfaninsa ma. Wane irin hankali ne mutum ya sayar da kwandon tumatir ɗin da ya noma da hannunsa, ya je kanti ya sayo na gwangwani da aka shigo da shi daga Sin? Wane irin ci gaba ne a loda zoɓon Jigawa a kai shi har ƙasar Meziko su jiƙa su sha, ɗan Jigawa kuma ya zauna yana kwankwaɗar ruwan sukari mai launi? Kwalbar lemo mai rabin lita na iya ɗauke da sukari kimanin giram 50, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matsakaicin baligi ya sha a yini guda. Gishiri kuma ta ce kada ya kai giram 5 a rana, alhali ɗanɗanon da ke cikin indomi da dunƙulen da ake jefawa a miya ba tare da lissafi ba yawancinsu gishiri ne.

Sakamakon wannan ba ya bayyana a shekara ashirin, shi ya sa saurayi ke ganin wasa ne. Sai an kai arba'in, ga mata ga 'ya'ya, sannan a fara jin jiri da ciwon kai, a je asibiti a ce hawan jini ne ko ciwon sukari. Binciken da aka yi a Nijeriya na nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manya yana da hawan jini, kuma da yawansu ba su san suna da shi ba. Waɗannan cututtuka biyu su ne kan gaba a duniya wajen kashe ƙoda. Mutanen garuruwan da ke bin wannan kogi, tun daga Haɗejiya har Gashuwa, ba sa buƙatar a yi musu bayanin ciwon ƙoda, sun ga yadda wankin ƙoda ke cinye gona da shanu da gida. Rigakafi ya fi magani.

'YAN ƘWAYA DA 'YAN LASIFIKA

Matsala ta biyu ita ce masu cin kasuwa da jahilcin jama'a. A tasha da ranar kasuwa za a ga mai mota da lasifika yana tallar ƙwayoyi da ruwan kwalba, wai na ƙarin jini, na ƙarin ƙarfi, na wanke jiki. Yanzu kuma tallar ta koma cikin waya, ana kawo robobi masu ƙyalli daga waje da tsadar gaske, ana cewa duk amfanin ganye an tattara shi a ƙwaya ɗaya. Saurayin da ya ƙi sayen gwabar naira kaɗan sai ya zuba dubbai a nan.

Ya kamata 'yan'uwa su san cewa su kansu Turawan sun gwada wannan hanya sun ga ƙarshenta. A ƙasar Finland an ɗauki maza masu shan taba sama da 29,000, aka riƙa bai wa wasu ƙwayar sinadarin nan na karas shekara da shekaru, da zaton za ta kare su daga ciwon dajin huhu. Da sakamako ya fito a 1994 sai aka ga waɗanda suka sha ƙwayar sun fi kamuwa da cutar da kashi 18 cikin 100. A Amurka an yi makamancin wannan gwaji a kan mutane sama da 18,000, dole aka dakatar da shi a 1996 saboda abin da aka gani ya fi na Finland muni. Wani gwajin da aka bayyana sakamakonsa a 2011 ya nuna mazan da suka daɗe suna shan ƙwayar bitamin E sun fi kamuwa da ciwon dajin mafitsara ta maza da kashi 17 cikin 100. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa.

Darasin a fili yake. Amfanin yana cikin abincin ne yadda Allah Ya halicce shi, da harzarsa da ruwansa da ɗaruruwan sinadaran da ke aiki tare a ma'auni daidai. In an zare guda ɗaya aka cusa shi a ƙwaya da yawan da ya wuce kima, ana iya samun akasin abin da ake nema. Ƙwayar bitamin tana da wurinta: mai ciki da aka rubuta mata a asibiti, yaron da ake ɗiga wa bitamin A, marar lafiyar da likita ya auna ya ga yana da ƙaranci. Amma lafiyayyen saurayi da ke zaune a bakin fadama, lambu ya fi masa kantin magani.

LAIFIN DA BA NA TALAKA BA

Wani zai ce, ai talauci ne, wanda bai samu na tuwo ba ina shi ina kankana? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma ba za a ɗora wa talaka dukkan laifi ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 64 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jigawa sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma a faɗin Nijeriya mata 58 cikin 100 masu shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. Jihar da ke da irin wannan kogi ba ta cancanci wannan ba. To me ya faru da kogin?

A da, kogin Haɗejiya yakan cika da damina ya malala a fadama, da rani ya janye ya bar danshi da taki, manomi ya bi bayansa ya shuka, masunci ya kama kifi, makiyayi ya samu ciyawa. Da aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai malalar ta ragu ƙwarai, ruwa kuma ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ya bai wa ciyawar kachala damar mamaye hanyoyin ruwa. Ta toshe wasu rassan kogin har ƙauyukan da ke kansu suka rasa ruwan noma, ta tura ruwan wasu wurare ya cinye gonaki, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi. Sannan ga ambaliya irin ta 2020 da 2022 da ta share gonaki da gidaje a masarautar. An tsara waɗancan madatsu ne ba tare da an saurari mutanen ƙasan kogi ba, su ne kuma suka biya farashin.

Gaskiya ne an samu wasu ayyuka. Shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 ya yaɗa rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa, kuma a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo mai faɗin hekta kimanin 5,700. Amma noma rabin aiki ne. In kaya ya nuna gaba ɗaya a watan Fabrairu da Maris, ba ɗakin sanyi, ba masana'antar sarrafawa a kusa, dole manomi ya sayar a wulaƙance ko ya ruɓe a hannunsa. Masana na ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Nijeriya yana lalacewa kafin ya isa tukunya. Damina na faɗuwa kuma farashi ya tashi sama. Ga tsutsar nan da ta yi kaca-kaca da tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa a 2016, wadda har yau takan dawo. Haƙƙi ne a kan Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da gwamnatin jiha su yashe hanyoyin ruwa, su tsara sakin ruwan madatsu yadda na ƙasan kogi zai amfana, su samar da wuraren ajiya da na busarwa. Haƙƙi ne kuma a kan matasa su tambayi duk wanda ya zo neman goyon bayansu abin da ya tanada a kan wannan, maimakon su karɓi taliya da sabulu su yi shiru.

ABIN DA KE HANNUN MATASHI

Sai dai jiran hukuma ba zai zama uzurin barin abin da ke hannu ba, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Allah Ya raba wa wannan ƙasa arzikinta bisa watanni. Da rani ga tumatir, tattasai, latas, kabeji, karas da kankana a araha. Da bazara ga mangwaro har yana zuba ƙasa. Da damina ga tafasa, rama, lalo, yakuwa da alayyahu, wasunsu ba ma sai an shuka ba. Da kaka ga kabewa da ɗinya, da hunturu ga magarya da kanya da goruba. Zogale kuwa in an dasa shi a bayan ɗaki ana zuba masa ruwan alwala, zai ba da ganye kusan duk shekara. Kuɗin kwalbar lemo ɗaya da karan taba biyu sun isa su sayi kashi 2 ko 3 cikin biyar ɗin da ake buƙata.

Manomin lambu ya fara cire na gida kafin ya kira dillali. Wanda zai yi cefane ya tuna da ganye kamar yadda yake tuna da magi. A wajen girki kuma akwai abubuwan kiyayewa da ya kamata saurayi ya sani ya kuma sanar da mutanen gidansu: bitamin C ba ya jure dogon dahuwa, kanwa mai yawa na kashe shi, kuma in an tafasa ganye aka zubar da ruwan, an zubar da wani kaso na amfaninsa. A sa ganye a ƙarshen girki, a sauke yana kore. Ɗan mai ko ƙuli-ƙuli a cikin kwaɗo yana taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin A, haka tumatirin da aka soya da mai ya fi sakin jan sinadarinsa. Ganyen da aka shanya a inuwa ya fi wanda aka shanya a rana riƙe amfaninsa. Kauɗar tumatir da tattasai a shanya ta a kan tabarma ko gado mai tsabta nesa da ƙurar titi, a ajiye don damina. Shayi mai kauri a kan abinci yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe, matsa lemon tsami kuwa yana ƙara ta. Zoɓo da kunun tsamiya da na ɗan kuka a rage musu sukari. Da azumi, bayan dabino da ruwa, kankana da gwanda da kwaɗo sun fi wa mai buɗa baki amfani a kan jerin soye-soye.

Akwai kuma amana a wuyan mai noma da mai sayarwa. Wanda ya yi feshin maganin ƙwari yau ya tsinka gobe ya kai kasuwa, bai jira kwanakin da aka rubuta a jikin robar ba, ya ci amanar 'yan'uwansa, kuma shi da ya yi feshin ba takunkumi ba safar hannu ya fi kowa shaƙar gubar. Wanda ya nunar da mangwaro ko ayaba da sinadarin kabaid na masu walda, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa, ya ji tsoron Allah. Mai ci shi ma ya wanke duk abin da zai ci ɗanye da ruwa mai tsabta sosai, musamman latas da kabeji, domin kwalara da taifot ta nan suke shiga. Wanda kuma aka riga aka tabbatar masa da ciwon ƙoda, hukuncinsa daban ne: fotasiyam ɗin da ke amfanar lafiyayye yana iya taruwa a jininsa ya cutar da shi, don haka sai ya bi abin da likitansa ya tsara masa. Mai ciwon sukari ya ci ɗan itace da ma'auni, ya fifita ganye.

Matasan da ke iya haɗa kai su yi aikin gayya su share maƙabarta ko su gyara magudanar ruwa, suna iya haɗa kai su dasa zogale da gwanda da gwaba da mangwaro a harabar makarantun allo da na Islamiyya, su koya wa ƙannensu cewa cin ganye ba abin kunya ba ne. Al'ummar da mazajenta ke kwanciya jinya tun suna da shekara arba'in ba za ta iya noma ba, ba za ta iya karatu ba, ba za ta iya tsayawa ta nemi haƙƙinta ba. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira. Allah Ya sa a gane, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sanya albarka a ruwa da ƙasar Haɗejiya.